Ƙulin Malam Bukar da Motar Nura

Shekara da shekaru Malam Bukar mai tsire yana karɓar ƙulina a hannun maigidana bai taɓa ganin fuskata ba. Ranar da na fara kai masa da kaina a Bacirawa, na yi sallama a bakin tukubarsa na sauke buhu, sai ya zaro ƙuli guda ya karya shi daidai kunnensa. Ya saurari ƙarar, ya shinshina, ya jefa rabi a baki. Sai da ya haɗiye sannan ya ce, "To, yanzu na tabbata ke ce. Sannu da zuwa, Inna."

Iyayensa daga Barno suka zo tun kafin a haife shi, amma maganarsa ta Kano ce tsaf, kuma ba ta da yawa. Ya ce, "Sharaɗin da na yi da Malam maigidanki shi zan maimaita miki. Ƙuli ya iso nan kafin a kira azahar. Bayan salla nake daka shi da yaji in barbaɗe nama, da la'asar in hura wuta. Latti na farko kuskure ne. Na biyu ƙaddara. Na uku kuwa, sai dai mu riƙa gaisawa in mun haɗu a hanya."

Rabin abin da nake soyawa shi yake ɗauka, sau uku a mako. Ku riƙe wannan a ranku, don duk abin da zan faɗa a kansa ya rataya.

Na ɗauko labarin nan ne saboda ku 'yan matan da kuke zama mini a tsakar gida kuna cewa ƙuli ai ba wani abu ba ne, a soya gyaɗa a kai inji shi ke nan. Da kuma yayyenku samari, masu ganin duk wanda bai sayi mota ba bai fara rayuwa ba tukuna.

Iya, mahaifiyar maigidana, ita ta koya mini, Allah ya jiƙanta. Wata uku ban taɓa ko taɓarya ba. Faifai kawai take ajiye mini, in tsince gyaɗa, in fitar da ruɓaɓɓiya da mai baƙin ciki. In na ce na gama, sai ta sa hannu ba tare da ta duba ba, ta zaro guda mai ɗaci ta ce in tauna. Haka na gane cewa ƙwaya ɗaya tana ɓata turmi guda. Daga nan aka ba ni kasko da yashi. Suyar gyaɗa da hanci ake yin ta, in kika jira idonki ya gaya miki ta soyu, to ta riga ta ƙone. Sai murza, sai fecewa, sai niƙa. Inda 'yan koyo suke kuka shi ne wajen fitar da mai. Ruwan zafi ake zubawa da ludayi, kaɗan-kaɗan, ana juya taɓarya a turmi har kafaɗa ta ce ta gaji. Kika yi gaggawa kika zuba da yawa, man ya koma ciki, sai ki wuni kina roƙonsa. In ya fito, a matse tunkuza, a mulmula, a soya ta a cikin man da ya fita daga jikinta.

Ranar da na fara yin wanda Iya ba ta kushe ba, na miƙe ina karkaɗe zani. Ta ce, "Ina za ki? Ai rabi kika yi. Sauran rabin yana kan hanya."

A lokacin ban gane ba. Yanzu da hanyar ta ci mini takalma ba adadi, na gane.

Keken Malam, maigidana, shi ne farkon abin hawan sana'ar nan. Baƙi ne, mai kariya mai faɗi, kuma ya girmi duk 'ya'yana. Da igiyar roba yake ɗaure buhu, ya sa tsohon bargo a ƙasa don kada ƙuli ya farfashe. Ba ya bin titi. Daga ƙauyenmu da ke gabas da Dawakin Tofa, ta cikin gonaki yake ratsawa har ya ɓullo bayan Bacirawa. Kun san ƙasarmu, babu daji a cikinta. Ka fita daga gonar wani ka faɗa ƙofar gidan wani, kuma duk wanda ka tarar a zaune, in ba kawunka ba ne to surukin ƙanwarka ne.

A nan ne keke yake da wata daraja da ba kowa ya lura da ita ba. A wajenmu, in kana kan keke ba kaya ka iske dattijo, dole ka sauka ka gaishe shi, ka tura keken har ka wuce shi. Amma in da kaya a bayanka, an yafe maka. Dattijon da kansa zai ɗaga hannu yana cewa, "Kar ka sauka, kar ka sauka, kaya!" Sai ka kaɗa ƙararrawa ka fara gaisuwa tun daga nesa, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya mai jiki, kana tafe kana yi har murya ta ɓace. Malam yakan gaisa da mutum talatin bai sa ƙafa a ƙasa ba.

Ba wai keke ba shi da nasa halin ba. Akwai ƙaya, akwai faci, akwai lakar damina. Wata rana taya ta zame masa a bakin wani kwalbati, galan ɗin mai ya buɗe a kansa. Ya dawo gida yana ƙyalli tun daga hula har ɗan yatsa. Sau uku na wanke wandon nan, amma da na shanya sai tururuwa su yi layi a kan igiya. Tun daga ranar aka raba aiki: mai ba ya sake hawa keke.

Da yara suka tasa, aikin gona kuma ya riƙa riƙe Malam da damina, sai na fara fita da kaina. Acaɓa zuwa bakin titi, daga nan bas. Shiga bas ma sana'a ce, sai an koya. Wata rana a farkon fitata na bari aka sa mini buhu a but, aka ɗora masa buhun dawa biyu da wata tunkiya. Da muka isa, garin ƙuli na sauke. Malam Bukar ya duba ya ce na rage masa daka, amma kada in sake taimakonsa.

Daga nan na san wurin zamana: bayan direba, jikin taga, galan tsakanin ƙafafu, buhu a cinya. Na koyi cewa ba kowace motar da ta kusa cika ce ta kusa tashi ba, don wasu zaunannun ba matafiya ba ne, kina shiga su sauka ɗaya bayan ɗaya su koma inuwa. Na kuma koyi tsoron mutumin da zai shigo ya ɗaga hanci ya ce, "Ikon Allah, ƙanshin me nake ji haka?" Wannan ba tambaya yake yi ba. Don irinsu nake ƙulla ɓaraguzai a leda daban, in miƙa tun kafin hannu ya doshi buhu. Ɗanladi direba, wanda na fi shiga motarsa, shi kullum cewa yake, "Inna, ɗanɗano dai, don in san abin da na ɗauko." Shekara goma sha yana ɗanɗanawa, har yau bai gama sani ba.

Amma a bas nake jin yadda gyaɗa ta kwana a Makoda tun kafin masu kawo mini su zo su yi mini rantsuwa. A bas na samu matan da suke karɓar mai har gobe. Kuma in mota ta wuce wani dattijo a bakin hanya, ba mai zuwa ya yi ƙarata. Ba ni nake tuƙi ba.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce wadda darɓa ta cinye gyaɗa a gona, fetur kuma ya yi tsada a lokaci guda. Motoci suka ragu a hanya. Sai in tsaya a bakin titi tun hantsi, bas ta zo ta wuce a cike, har da masu lilo a ƙofa. Wasu masu sana'ar suka fara haɗa tunkuza da garin rogo don ta yi auki. Kunnen Malam Bukar ya kama su ɗaya bayan ɗaya, don ƙarar ba iri ɗaya ba ce. Ni na rage yawa na bar kyau. Malam kuma ya riƙa barin gona da safe ya hau keke, ya dawo ya kama fartanya da rana tsaka. A duk shekarar nan ba mu yi latti ko sau ɗaya ba. Keke bai san an ƙara kuɗin fetur ba.

To, sai Nura ya sayi mota.

Nura shi ne ɗana na uku. Yana da shagon gyaran waya a Bacirawa, kullum a bas yake zuwa ya dawo, kullum kuma da mita. Motar ta hannu ce, shuɗiya, ƙofar baya ɗaya ba ta buɗuwa sai daga waje. Ranar da ya kawo ta, ya tsaya a tsakar gida yana kaɗa makulli a yatsa.

"Inna, wahala ta ƙare. Ke da bas har abada. Baba kuma ya jingine keken nan ya huta, mutane suna ganinmu."

Na ce, "Allah ya sanya alheri. Hanyar fa?"

"Wace hanya? Minti talatin, Inna. Kafin ki gyara zama mun isa."

Malam yana gefe yana ɗiga wa sarƙar keke mai. Ya ce, "Allah ya tsare," ya ci gaba da ɗigawa.

Tafiyar farko ranar Litinin ce. Tunda minti talatin ne, ba mu fita ba sai da hantsi ya ɗaga sosai. Na zauna a gaba kamar matar ciyaman. Ba mu kai ƙarshen gari ba sai ga Yaya Mamman, wan maigidana, a gindin darbejiyar da yake zama, ya ɗaga sanda. Nura ya taka burki, ya fito ya durƙusa.

"Nura, ina aka nufa?"

"Bacirawa, Baffa."

"Madalla, ai hanya ɗaya ce. Sauke ni a asibitin Dawakin Tofa."

Dawakin Tofa tana yamma, Bacirawa tana gabas. Nura ya dube ni, ni kuma na dubi gonar wani. Na koma baya na bar wa Yaya gaba. Kafin mu hau titi mun ɗauki Gwaggo Lami da ƙullin niƙanta, da wata mai jego za ta kai tagwaye rigakafi, da saƙon liman zuwa ga wani mai sayar da buhuna. Kowa in ya shigo sai ya shafa kujera ya yi addu'a, addu'ar kuma ba a katse ta. A ƙofar asibiti Yaya ya ce, "Jira ni, awon jini ne kawai." Wa zai tafi ya bar wan ubansa a asibiti? Muka jira. Muka mayar da shi har gindin darbejiya.

Mun shiga Bacirawa mutane suna fitowa daga masallaci. Malam Bukar bai yi faɗa ba. Ya karɓi buhu, ya ɗaga mini yatsa ɗaya.

Ranar Laraba Nura ya ce ya gano maganin abin. Ya ɗaga gilasai duka, ya sa baƙin tabarau, ya kafa ido a gaba kamar mai bin bashin hanya. Na ga sandar Yaya ta ɗaga, na ga ta sauka. Gaskiya motar tana gudu, ban taɓa isa Bacirawa da sanyin safiya haka ba. Nura ya buɗe but da kansa, ya sauke buhu yana murmushi.

Malam Bukar ya karya ƙuli a kunne, ya gyaɗa kai. Ya kai hanci. Ya sake kaiwa.

"Nura, me kake ajiyewa a bayan motar nan?"

"Ba komai, Baba. Jarkar fetur ce kawai, saboda layi."

"Inna, wannan in na barbaɗa a nama na kai wuta, har Ungogo za a ga tashina."

Ƙuli yana shan wari kamar yadda tsumma yake shan ruwa, duk mai sana'ar ta sani. Laifina ne da ban leƙa but ɗin ba. Na ce, "Amma dai Malam, ba mu yi latti ba." Ya ce, "Ƙulin da zan yi aiki da shi ya iso?" Ya ɗaga yatsa biyu.

Da muka koma gida da yamma, Yaya Mamman yana zaure tare da Malam. Ba ya ɗaga murya, shi ya sa abin ya fi nauyi. "Ni ban ce a ɗauke ni ba. Sanda kawai na ɗaga in ce a sauka lafiya. Ashe gilashin motar zamani ba a ganin tsofaffi ta cikinsa." Sai da Nura ya durƙusa ya yi alkawari, a gaban ubansa, cewa ba zai sake wuce wani babba a hanya ba.

Saura yatsa ɗaya ke nan, ga kuma alkawari.

Na ce ranar Asabar zan koma bas ɗina. Nura ya ce sam. "Inna, ki ba ni dama ɗaya in wanke kaina. Ke ki zauna ma ki huta. Na fitar da jarkar, na wanke but da omo. Da sassafe zan fita, kafin kowa ya shimfiɗa tabarma."

Yaro in ya kafe, gardama ba ta sauke shi. Na ce to.

Ranar Juma'a da la'asar na je injin niƙa. Mata suka tambaye ni ko Nura zai shiga gari gobe. Ni ba na ƙarya. Na ce zai shiga, da sassafe. Ban ce kowa ya zo ba. Na dai ƙara da cewa ni ba za ni ba, kujeru duk babu kowa.

Buhu biyu na ɗaure. Ɗaya ƙuli ne, suyar ranar, washegari na ɗora wa Malam a kariya bayan sallar asuba ya fita ta ƙofar baya ya shiga gonaki. Ɗayan na zuba yashin kasko a ƙasa don nauyi, na cika shi da ɓawon gyaɗa, na ɗinke baki da kyau. Na ce da Nura kada ya buɗe, iska tana sa shi sanyi. Ya ɗauka da hannu biyu kamar jariri. Da ya tafi na yi wanka, na ɗauki galan ɗin mai, na hau acaɓa zuwa bakin titi. Ɗanladi ya ɗanɗana, muka tafi.

Abin da ya faru da Nura daga baya na ji. Ya tarar da mutum bakwai a gindin darbejiya, Yaya Mamman a gaba da katin asibiti, an ce ya dawo a sake awo. Akwai mai zuwa gaisuwar rasuwa, akwai mai akuya. Wai har da wata da ba ta da inda za ta, ta ce dai ba ta taɓa shiga ba ne.

Ana idar da sallar azahar sai ga shuɗiyar mota ta tsaya a bakin layi, don layin Malam Bukar mota ba ta shiga. Nura ya taho da gudu da buhu a kafaɗa, riga ta jiƙe sharkaf. Bai ga kowa ba sai Malam Bukar. Ya sauke buhu ya durƙusa.

"Baba, don Allah kar ka ɗaga na ukun. Laifina ne, ba na Inna ba. Shekara nawa tana kawo maka ba ta saɓa ba. Ni na shiga tsakani da motata."

Malam Bukar ya ce, "Buɗe mu gani."

Nura ya warware ɗinki. Ya tsaya. Malam Bukar ya sa hannu ya ɗauko ɓawo guda, ya kai kunne, ya murƙushe shi a hankali, ya saurara.

"Wannan kam bai soyu ba."

Sai a lokacin Nura ya ji ƙarar turmi a bayan rumfa, ana dakan ƙuli da yaji. Ya waiga ya ga baƙin keke a jingine da bango, ubansa a kan benci yana shan fura, har ya yi salla ya miƙe ƙafa. Ya sake waigawa ya gan ni a inuwa ina auna wa wata mata mai a kwalba.

"Inna! Ba ke na bari a gida ba?"

Na ce, "Ni ce. Sannu da hanya. Yaya jikin Baffanka?"

Malam Bukar ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba, har da riƙe tukuba. Da ya nutsu ya ce tunda yaro ya durƙusa saboda uwarsa, ya goge yatsu biyun baya, a fara sabon lissafi.

Kada ku ce na ce mota ba ta da amfani. Ranar da naƙuda ta kama matar Nura ana tsuga ruwa da rana tsaka, ba keke ba bas, ita ta kai ta asibiti. Ita take kai Yaya Mamman awo, ita take kai mu biki da gaisuwa. Abin da Nura bai sani ba shi ne, a gari irin namu, wanda ya sayi mota ya saya wa kowa ne, kuma ba a zuwa aiki kullum a cikin abin kowa. Bas tana ɓata lokaci a tasha, amma in ta tashi ta tashi. Keke yana cin gwiwa, amma lokacin da ka ce za ka isa, lokacin za ka isa.

Bayan wata biyu Nura ya lulluɓe motar da tampol, ya sayo keke sabo fil. In sama ta haɗa hadari ya bi bas, in gari ya yi kyau ya bi gonaki. Sai dai makon farko kullum a makare yake buɗe shago. Keken ba kaya, ga alkawari, duk dattijon da ya gani sai ya sauka ya tura. Ya ce ya ƙirga, tafiyar ƙasa ta fi hawan yawa.

Wata safiya ya leƙo madafa yana sosa ƙeya.

"Inna, buhun nan fa, yana nan?"

"Wane buhu?"

"Kin sani, Inna."

Yana nan, na adana shi a bayan rumbu. Tun daga ranar kullum sai ya ɗaure shi a kariya da igiyar roba kafin ya fita. Ina jin ƙararrawarsa daga nan in ya doshi darbejiya, ina jin Yaya Mamman yana ɗaga murya, "Kar ka sauka, kar ka sauka, kaya!" Duk wata nake sake masa ɓawo, don na ciki yakan zama gari.

Shekaranjiya Yaya ya tsayar da ni a hanyar inji. Ya ce, "Yaron nan Nura ya yi hankali. Kullum ina ganinsa da buhunki, ko Juma'a ba ya hutawa. Allah ya ba mu masu taya mu sana'a haka."

Na ce, "Amin, Yaya."